Yadda ake lissafin mega da giga da tera, da dalilin da filasha mai 64 ke nuna ƙasa da 60

Ranar da ƙanena ya sayi sabuwar filasha mai giga 64 ya zo ya jona ta a kwamfuta, sai ya ga ta rubuta masa 58 da ɗoriya, nan take ransa ya ɓaci wai an cuce shi an cinye masa kusan giga shida, har ya fara neman kwalinta zai mayar. Na ce masa zauna tukun, ɗauko wayarka ka buɗe kalkuleta. Cikin minti biyar ya gane filashar lafiyarta ƙalau. Toh wannan lissafin da muka yi da shi ne nake so in shimfiɗa a nan dalla-dalla, don abin ba wuya gare shi ba wallahi, kawai dai ba a cika zama a yi wa mutum bayaninsa daga tushe ba, shi ya sa za ka ga mutum ya shekara goma yana sayen data yana tura bidiyo amma in ka tambaye shi mega nawa ke cikin giga ɗaya sai ya tsaya yana kame-kame.

Mu fara daga ƙasa. Kwamfuta da waya ba su san komai ba sai kunne da kashe, wato 1 da 0. Ɗaya daga cikin waɗannan shi ake kira bit, babu ma'aunin da ya fi shi ƙanƙanta. In aka haɗa bit 8 wuri ɗaya sun zama bait 1. Wannan takwas ɗin ka riƙe shi da kyau don za mu dawo kansa. Bait ɗaya kusan harafi ɗaya ne na rubutu, kuma kana iya gani da idonka: buɗe Notepad, manhajar rubutu, a sabuwar Windows ka rubuta "kasa" kawai, ba ka danna komai bayansa ba, ka adana, ka duba girman fayil ɗin, za ka ga bait 4. Sai ka koma ka canja shi zuwa "ƙasa" da ƙ mai lanƙwasa, ka sake dubawa, ya zama bait 5. Dalili shi ne a tsarin UTF-8, wanda Notepad ke adana rubutu da shi, haruffa irin su ƙ da ɗ da ɓ bait biyu-biyu suke ci, 'yan fuskokin nan na emoji kuma yawanci bait huɗu. Ni wannan gwajin shi ya fara sa na ji bait abu ne na gaske da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya.

Daga bait sai a fara hawa tsani. Kilobait, wato KB, sai megabait MB, sai gigabait GB, sai terabait TB, sama da shi akwai petabait da eksabait amma waɗannan na manyan kamfanoni ne masu ɗakunan saba, wato manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, kai da ni da wuya mu wuce tera. Kowane mataki ya ninka na ƙasansa sau dubu. Ka'idar juyawa guda ɗaya ce tak: in kana saukowa daga babba zuwa ƙarami ninkawa za ka yi, in kana hawa daga ƙarami zuwa babba rabawa za ka yi. Kamar kilo da giram ne, kilo 2 giram 2,000 ne, giram 500 rabin kilo ne. In ka yi lissafi ka ga ka juya giga zuwa mega amma lambar ta ƙanƙance, to ka san ka juya abin baibai, ka sake.

Misali, giga 3 mega nawa ne? Saukowa kake yi mataki ɗaya, 3 sau 1,000, mega 3,000. Mega 750 fa giga nawa ne? Hawa ne, 750 raba 1,000, giga 0.75. In matakai biyu ne sai ka yi sau biyu, kilobait 2,500,000 in ka raba da 1,000 ya ba ka mega 2,500, ka sake rabawa ya ba ka giga 2.5. Ba ka ma buƙatar kalkuleta a nan, ɗigon kawai kake matsarwa gida uku, hagu in hawa kake, dama in sauka kake.

Da a nan maganar ta tsaya da an huta. Amma akwai wani dubun na biyu, shi ne 1,024, kuma shi ne tushen duk rikicin.

Ina ya fito? Tunda na'ura da biyu-biyu take aiki, komai nata ninki ne: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, 512, 1,024. Ka lura ai waɗannan lambobin ne kake gani a jikin memori da waya. In ka ninka 2 a kanta sau goma 1,024 kake samu, kuma da yake ya yi kusa da dubu sai masu harkar kwamfuta na farko suka ari kalmar kilo suka laƙa masa, alhali kilo a asali dubu ce cif. Lokacin da abin bai wuce 'yan kilobait ba babu wanda ya damu, bambancin 24 ne kawai cikin dubu. Amma ratar tana faɗaɗa a kowane mataki, saboda ninkawa ake ta yi. Mega a wannan lissafin 1,024 sau 1,024 ne, bait 1,048,576 kenan. Giga kuma bait 1,073,741,824. Tera bait 1,099,511,627,776. Wato a kilo bambancin kashi 2.4 cikin ɗari ne, a mega ya kusa kashi 5, a giga ya haura kashi 7, a tera ya kusa kashi 10. Kashi goma na tera ba ƙaramin wuri ba ne, ya isa ya ɗauki hotuna dubbai.

A 1998 hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya ta yi ƙoƙarin raba gardamar, ta ce a bar wa kilo da mega da giga dubunsu, shi kuma mai 1,024 a ba shi sunansa daban: kibibait, mebibait, gibibait, tebibait, ana rubuta su KiB, MiB, GiB, TiB. Don haka duk inda ka ga ƙaramin i a tsakiya babu kokwanto 1,024 ake nufi. Gyara ne mai kyau kuma da kowa ya bi da yau ba ma wannan doguwar maganar. Sai dai ba kowa ya bi ba. Windows har yanzu da 1,024 take rabawa amma ta rubuta maka GB ba tare da i ba. Su kuma masu ƙera filasha da memori kad da rumbun kwamfuta, wanda masu gyara ke kira had dis, da 1,000 suke ƙirgawa, in ka duba bayan kwali sau da yawa za ka ga sun rubuta da ƙananan haruffa cewa GB 1 daidai yake da bait 1,000,000,000. Kwamfutocin Mac sun koma lissafin 1,000 tun 2009. RAM kuwa, wato memorin wucin gadi da na'ura ke aiki da shi tana kunne, a 1,024 take, RAM mai giga 8 mega 8,192 ce. A ganina laifin ya fi karkata ga mai rubuta GB alhali GiB yake nufi, don shi mai ƙerawa ya bi ma'anar kalmar yadda take.

Saboda haka kafin ka taɓa kalkuleta, mataki na farko na gaskiya shi ne ka tambayi kanka, wa ya rubuta lambar nan? In a jikin kwali ko jikin na'urar ajiya ka gan ta, 1,000. In Windows ce ta nuna maka, ko maganar RAM ake, 1,024. In kuma kamfanin da kake sayen data ne, ka duba yadda suke nuna maka ragowar, in ka sayi giga 1 ka ga an rubuta 1,024MB to ka san nasu, in 1,000MB ka gani shi ke nan.

Yanzu mu yi na filashar ƙanena. Hanyar da ba ta ɓata mutum ita ce ka sauko har ƙasa zuwa bait da lissafin wanda ya rubuta lambar, sannan ka sake hawa da lissafin wanda zai karanta ta. Masu ƙerawa sun ce giga 64, wato bait 64,000,000,000, 64 da sifiri tara. Rubuta shi a kalkuleta, in ta waya ce ka juya wayar a kwance don ta ɗauki lambobin duka. Raba da 1,024, za ka samu 62,500,000. Sake rabawa da 1,024, za ka samu 61,035 da 'yan kai. Sake rabawa karo na uku, 59.6. Ka ga inda giga huɗu da rabi suka tafi, ba su tafi ko'ina ba, bait ɗin suna nan yadda suke, mudun awon ne ya ƙara girma. Ragowar ɗan abin da ya sa ta nuna 58 maimakon 59.6 kuma, wani yana tafiya wajen tsarin da ke riƙe da jerin fayil-fayil idan an yi fomat, wani kuma masu ƙerawa kan keɓe shi don aikin cikin filashar.

In ba ka son rabawa sau uku, ga gajeriyar hanya: ninka gigan da ke jikin kwali da 0.93. Mai 16 za ta ba ka 14.9, mai 32 ta ba ka 29.8, mai 128 wajen 119, mai 256 wajen 238, rumbu mai giga 500 zai nuna 465, mai tera 1 kuma shi ne sanannen giga 931 ɗin nan da kowa ke tambaya a kai. Mai tera 2 Windows za ta rubuta 1.81 TB, a nan da 0.909 ake ninkawa tunda an ƙara hawa mataki ɗaya. Duk abin da ya faɗo kusa da waɗannan lambobin lafiya lau ne.

Abin tsoro daban yake, kuma gara in faɗe shi a nan. Filashar jabu ba ta nuna ƙasa, ita cika baki take yi, za ta nuna maka tera guda ko biyu alhali cikinta bai wuce 'yan giga ba, kana ta zuba kaya tana karɓa, sai ran da ka zo buɗewa ka tarar fayil-fayil sun lalace ba sa buɗuwa. Lissafi ba zai kama wannan ba. Abin da ke kama ta shi ne ka cika ta taf da kaya sannan ka gwada buɗe su, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ko ka yi amfani da manhaja irin H2testw wadda aikinta kenan, ta rubuta ta cika sannan ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girman. Ka yi wannan tun tana sabuwa kafin ka ɗora mata abin da ba ka da kwafinsa a wani wuri. Haka ita ma waya mai giga 128 da ka kunna ka ga saura ɗari da 'yan kai, galibin wannan tsarin wayar ne da manhajojin da ta zo da su suka zauna a kai.

Akwai wata dabara da nake so kowa ya saba da ita. A Windows in ka danna fayil da maɓallin dama na linzami ka shiga Properties, za ka ga girman sau biyu, ɗaya a taƙaice ɗaya kuma doguwar lamba ta bait a gefensa. Misali ta ce 1.50 GB, a gefe kuma 1,610,612,736. Wannan doguwar ita ce gaskiya, ba ta canjawa ko a wace na'ura ka kai fayil ɗin. In ka tura wa mai Mac shi zai ga 1.61 GB, kada ku tsaya musu wai fayil ya ƙaru a hanya, ku gwada doguwar lambar, in ta zo ɗaya to komai ya iso.

To sai maganar ƙaramin b da babban B, wadda ni a wurina ta fi ta 1,024 cutar da mutane, don waccan kashi bakwai ce ko goma, wannan kuwa ninki takwas ce cur. Babban B bait ne, ƙaramin b bit ne. Girman fayil da bait ake faɗa, MB. Gudun intanet kuma da bit ake faɗa, Mbps, wato megabit a kowace daƙiƙa, kuma a gudun intanet mega miliyan ce cif babu ruwanta da 1,024. Shi ya sa mutum zai gwada gudun netwok ɗinsa ya ga 20 amma yana sauke fim ya ga abin na tafiya biyu da rabi sai ya ɗauka an rage masa. Ba a rage ba, 20 raba 8 ai 2.5 ne.

Ga yadda za ka san tsawon lokacin da sauke abu zai ɗauka. Ka fara raba gudun da 8 ka mai da shi MB a daƙiƙa, a misalinmu 2.5. Ka mai da girman fayil ɗin mega, a ce giga 1.5 ne, mega 1,500 kenan. Ka raba girman da gudun, 1,500 raba 2.5, daƙiƙa 600. Ka raba da 60, minti 10. A zahiri ka ƙara masa wani abu a kai don netwok ba ya tsayawa a gudu ɗaya kuma akwai 'yan bayanan da ke rakiyar kayan a hanya su ma suna cin nasu, amma in abin da ya kamata ya ci minti goma ya kai awa guda to ka san akwai matsala ta gaske. Kuskuren da aka fi yi shi ne a manta da takwas ɗin a raba 1,500 da 20 kai tsaye a samu daƙiƙa 75, sai a zauna ana jira ana tsaki. Haka yake a wajen USB ma, tsohuwar USB 2.0 an rubuta mata 480 Mbps, in ka raba da 8 iyakarta MB 60 a daƙiƙa, kuma a aikace ba ta ma kaiwa.

Da wannan takwas ɗin dai za ka iya sanin datar da sauraro ko kallo zai ci tun kafin ka fara, wannan kam yana da amfani sosai. Sauti mai 128 kbps, wato kilobit 128 a daƙiƙa, raba da 8, KB 16 a daƙiƙa. Sau 60, KB 960 a minti, kusan mega ɗaya kenan. Sau 60 kuma, KB 57,600 a awa, wato mega 57.6. Don haka karatu ko shiri na awa ɗaya a wannan ingancin bai kai mega 60 ba. Bidiyo kuma a ce yana zuwa a 5 Mbps, raba da 8 ya ba ka 0.625, sau 3,600 na daƙiƙoƙin awa, mega 2,250, giga biyu da kwata a awa ɗaya kacal. Ka ga dalilin da data ke zuƙewa in aka bar bidiyo a kan inganci mafi girma, kuma ka ga abin da za ka rage in kana so ta kai ka ƙarshen wata.

Tambayar hoto nawa memori zai ɗauka ita ce mafi sauƙi. Buɗe hotuna uku ko huɗu a wayarka ka duba girmansu ka ɗauki matsakaici, a ce mega 4. Duba wurin da ya rage, a ce giga 12, mai da shi mega 12,000, raba da 4, hoto 3,000. Abin kiyayewa kawai kada ka raba giga da mega, dole ka mai da su jinsi ɗaya tukun. A irin wannan ƙiyasin ni ban damu da 1,024 ba sam, dubu ta wadatar, tunda su kansu hotunan ba girmansu ɗaya ba.

Inda 1,024 ke zama dole shi ne inda akwai iyaka kuma kana gab da ita. Faifan DVD an rubuta masa 4.7GB amma da lissafin dubu ne, a Windows 4.38 yake, don haka fayil ɗin da Windows ta ce 4.5 GB ne ba zai shiga ba duk da ka ga kamar 4.5 bai kai 4.7 ba, in ka sauke shi zuwa bait ya haura biliyan 4.8. Sai kuma filashar da aka yi wa fomat da FAT32, wani tsarin jera fayil-fayil, ita ba ta karɓar fayil guda da ya wuce bait 4,294,967,295, wato GiB 4 saura bait ɗaya, ko da kuwa akwai giga hamsin a buɗe a cikinta. In ta ce maka fayil ya yi girma alhali wuri na nan, wannan ne dalili. Maganinsa ka kwashe kayanka gefe ka yi mata fomat da wani tsarin, exFAT ko NTFS, amma ka tabbata ka kwashe tukun don fomat share komai yake yi, sannan ka duba ko talabijin ko rediyon motar da za ka jona ta suna karanta sabon tsarin, wasu tsofaffi FAT32 kawai suka sani.

In kuma lambobin da yawa ne, misali an ba ka jerin fayil ɗari duk a bait, kada ka wahalar da kanka da kalkuleta. Zuba su a layin A na Excel ko Google Sheets, a ɗakin B1 ka rubuta =A1/1000^3 in gigan kwali kake so, ko =A1/1024^3 in irin na Windows kake so, sai ka kama kusurwar ɗakin ka ja ƙasa ya yi wa sauran. Wannan 3 ɗin yawan matakan da ka hau ne daga bait, in mega kake so ka sa 2, in tera ka sa 4. Ka rubuta a saman layin wanne ka yi amfani da shi, GB ko GiB, don wanda zai buɗe takardar bayanka ya san da wane mudu aka auna.